Shekarar da Kawu Ya Bar Taba

Jiya wani ya kunna taba a ƙofar wurin aikinmu. Hayaƙin na bugun hancina sai na gan ni a gidanmu na unguwar Sabangali, ina 'yar shekara goma, Kawu na bayan dalbejiya yana zuƙar tasa a ɓoye don kada Kaka ta gani.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin ofis a gidan. Mu yara mun sha ruwan kogin Shari da bakinmu, mun ci ɗanyen mangwaro da ƙasarsa, ba abin da ya same mu sai ƙiba. Shi kuwa ruwansa sai an tafasa an tace. Abincin ranarsa burodi ne da kifin gwangwani da lemon kwalba. Ko atishawa ya yi, sai ya tsayar da mai tallan magani a keke ya sayi kafso. Kaka ta sa masa suna Baturen gida.

Ka san irin gidajenmu a nan. Kakan Kaka ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, ya tsaya a garin nan ya ɗan huta, hutun bai ƙare ba har ya rasu. Bayansa ba wanda ya ƙarasa tafiyar. Sai Kawu ya ɗaura niyya, ya ce ba zai tsaya gaban ɗakin Allah da warin taba a bakinsa ba. Saura shekara guda tafiyar, ya jefar da kwalin tabarsa. Ranar Kaka har guɗa ta yi.

Da damina ta ja baya, kogi ya cika fal, cikinsa ya fara murɗa. Daga nan sai jini. Mun ce atuni ne, ciwon da kowa ya sani. Aka ƙara masa kafso, aka jiƙa sabara, aka sake ƙara kafso. A wuni sai ya zaga sau goma sha, har na daina jin kunyar ƙarar butarsa. Wandonsa ya koma sai da igiya. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai, don mu masu ƙazanta muna ta tsalle, mai tsabta na kwance.

Wata na huɗu mahaifiyata ta kai shi asibiti. Ta dawo ta zauna a tabarma, ko mayafi ba ta cire ba, ta fara yi wa Kaka bayani.

"Inna, wai ba tsutsa ba ce. Hanjin ne da kansa ya kumbura. Likita ya ce a daina ba shi kafso barkatai. Ya yi ta tambayar abin da yake ci. Sannan ya ce, ko ya taɓa shan taba ya bari?"

"To, sai me?"

"Wai a wasu mutane, bayan sun bari ne irin ciwon ke tasowa. Amma ya ce kada ya kuskura ya koma, ita ma kisa take."

Washegari da hantsi, Kaka, matar da ta shekara ashirin tana yi masa faɗa a kan taba, ta sa mayafi ta fita da kanta. Ta dawo ta kwance bakin zanenta, ta ajiye karan taba ɗaya kusa da matashinsa.

"Sha, ɗan nan. Alhakin a wuyana."

Ya dubi karan, ya juya fuska bango. "Inna, na riga na yi wa Allah alkawari."

Da zafi ya shigo, jirgin alhazai ya tashi ba shi.

Yau yarana ma ruwan gora suke sha, abincin leda ya cika gari, ni da kaina nake saya musu. Na karanta abin da zan iya a kan ciwon, ko'ina sai a ce wataƙila abinci, wataƙila magani, wataƙila gado. Kawu na nan a unguwar Abena, ya tsufa, yana kan magani, ciwon na tafiya yana dawowa. Kwanaki na je gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Ke da kika yi karatu, gaya mini, me na yi ba daidai ba?"