Ruwan Inabin Ɗa'if Da Na Shayar Da Surukata

Assalamu alaikum, masu karatun wannan mujalla. Yau ni tsohuwa ce mai jikoki, amma lokacin da abin nan ya faru amarya ce ɗanya shakaf, an kawo ni Jidda daga Sudan, muna zaune a unguwar Sa'alaba ni da maigidana da mahaifiyarsa. A shekarun alif ɗari tara da sittin da 'yan kai ne, ba kowane gida ke da tallaja, wato firji, ba, mu dai randa ce mai sanyaya mana ruwa. Halina a lokacin shi ne ji da harshena. In na ɗanɗana miya sau ɗaya sai in faɗa miki abin da aka zuba da abin da aka manta, kuma ba na tambayar kowa yadda ake yin abu, gani ɗaya ya ishe ni. Wannan rawar kan ce ta kai ni ta baro.

Surukata, wadda nake kira Inna, a ƙafa ta baro ƙasar Hausa ita da mijinta. Sun yi shekaru a hanya suna tsintar auduga a Sudan kafin su haye teku. Ba ta da zinari ba ta da gona, abin alfaharinta guda ne: duk yunwar hanya da ƙishirwarta, haram bai taɓa wuce maƙogwaronta ba, kuma a haka take fatan saduwa da Ubangijinta.

Maigidana direba ne, yana ɗauko wa kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, kayan marmari daga Ɗa'if. Wata bazara ya tafi da ni in sha iska. Kai, Ɗa'if! Gari a kan duwatsu, sanyi har sai da na nemi mayafi mai kauri, ga gonakin inabi ko'ina. Matar mai gonar da muka sauka ta matse mana farin inabi iri uku, ta ba ni in ɗanɗana. Akwai dogon mai zaƙi kamar zuma, akwai ƙanana masu ɗan tsami, akwai wani kore-kore mai ƙamshin fure. Na ga ta zuba ragowar a tulu ta rufe da tsumma ta ajiye a inuwa, sai na ce a raina shi ke nan, na gama koyo. Ban tambaye ta yaushe za a shanye ba, ban kuma tuna cewa iskar garinsu daban take da tamu ba.

Da muka dawo da kwando guda, na matse kowane iri a tulunsa, har na ƙara sukari don gwaninta, na rufe na tura lungu cikin zafin Jidda da ke narkar da mutum. Bayan 'yan kwanaki na ga kumfa, na ji tulunan suna ɗan tsuwa. Ko a jikina! Mu da muka saba barin gasara ta kwana ta yi tsami kafin a dama koko, ai sai na ɗauka nuna yake yi.

Ranar da na buɗe, bayan azahar, na shimfiɗa tabarma na jera wa Inna kofuna uku, na ce ita ce alƙaliya. Ta kurɓi na farko ta ce zaƙinsa ya yi yawa, na yara ne. Na biyu ta yamutsa fuska ta ce yana cizon harshe. Na uku kuwa ta lumshe ido, ta ce wannan yana tsikarar baki sannan ya sauka da ɗumi har ƙirji, a ƙaro mata. Na ƙara, na ƙara, ni ma ina taya ta. Can sai ga Inna, mai ciwon gwiwar da ba ta miƙewa sai an kama ta, ta tashi tana rera waƙar daka ta 'yan matancinta, tana nuna min yadda ake cafe taɓarya. Muka yi ta dariya har da hawaye. Daga nan barci ya kwashe mu, la'asar ta wuce mu duka biyu, abin da bai taɓa faruwa da ita ba.

Washegari wata maƙwabciya da ke wanki a gidan wasu Turawa a unguwar Ruwais ta shigo, na miƙa mata kofi ina jiran yabo. Sunsunawa kawai ta yi ta saki salati. Ta ja ni gefe ta ce wannan ai warin kwalaben gidan aikinta ne, giya ce zalla na haɗa. Nan take muka tuttular da komai, na wanke tulunan har hannuna ya yi ja. Maigidana da ya ji sai ya dafe kai, ya ce in yi wa Allah in rufa asiri kada tsohuwa ta sani, baƙin ciki zai iya kwantar da ita.

Na yi shiru, amma abinci ya daina shiga min. Kullum Inna sai ta tambayi ruwan tulu na uku, ina ce mata ya ƙare. Ranar da na ji tana umartar ɗanta ya kawo wani kwandon in sake haɗawa, wai za ta aika wa liman ya sa albarka, na san ɓoyo ya ƙare. Na durƙusa gabanta ina kuka na faɗa mata gaskiya, ina jiran ta ce in tattara kayana.

Ta ja carbinta har ta kai ƙarshe. Sannan ta tambaye ni ko na sani lokacin da nake zuba mata, na rantse ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma Wanda ta taka ƙasashe don ta zo ɗakinsa ya fi ni sanin haka. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya take. Ta ce abu ɗaya ne ba za ta yafe min ba: na ɗanɗana mata daɗin da ba za ta sake sha ba sai in Allah ya sa ta shiga Aljanna, yanzu dole ta ƙara ƙaimi a ibada. Ta ce in tashi in goge fuska, in dama mata koko.

'Yan uwana mata, abin da kika gani a garin wasu ki tambaya kafin ki kwaikwaya, ruwan inabi kuma a sha shi ranar da aka matse. In kuskure ya auku kada ki ɓoye wa wanda ya shafa, domin kwanakin da na yi ina yi wa Inna ƙarya sun fi ranar shan yi min nauyi. Ta rasu da daɗewa. Duk sanda na yi mata addu'a, roƙona shi ne Allah ya shayar da ita na can, ya cika mata kofi har ta ce ya isa.