Tafiyar da Ta Cinye Mini Aiki

Bayan babbar yunwa dabbobina suka ƙare, na koyi tuƙi. Aikina ɗaukar mashinan rubutu da suka mutu a lakwal-lakwal, makarantun boko na Adar, in kai Yamai gyara, in dawo da su. Da shi nake ci da gida. Ban taɓa ganin cikin ko guda ba.

Madawa

Mun tashi bayan asuba, ni da Mushe Isufu, malamin kasuwanci daga inibarsite, wato jami'a. Mushe muke kiran malamin boko. An koya masa gyara, an turo shi ya koya wa malaman da ke horar da yara aikin ofis. Bayan mota akwai mashina uku, da roniyo mai buga takardu, da akwatin turnabis na kwance kusoshi.

A shingen hanya wani jandarma ya ɗaga tamfol.

"Mi a wanga?"

"Alƙalamin Nasara," na ce. Ya ɗaga mana itace.

A hanya na tambayi Mushe, "In sun iya, mi zan riƙa ɗauka?"

Ya dubi gonakin dawa. "Baba Nomau, ban san ba."

Ya sani. Ni ma na sani.

Buza

Hanya duk dutse. Mun iso da hantsi, muka sha hura a tasha. Malamai huɗu na jiranmu. Mushe ya baje kaya, ya miƙa turnabis ga wani dogo, Mushe Habu. Dogon ya mai da hannu baya.

"Ubana limami ne. Aikin ƙarfe na maƙera ne. Dangin matata su ji na koma ƙira?"

Sauran suka bi shi. Mushe Isufu ya yi ta Faransanci har la'asar, ko murfi ba a buɗe ba. Ni ina bakin taga, wuyana ya gaji a banza.

Keita

Muka kwashi huɗun zuwa Keita, can ma wasu na jira. Labari ya riga mu isa. Nan ma hannuwa a aljihu. Mun kwana a aji, direktan lakwal ya aiko tuwon gero da miyar kuka. Da safe Mushe Isufu ya ce gobe sai Yamai, a bar zancen.

Da na yi shiru, da aikina ya tsira. Amma shekaru ina goyon abu kamar jariri, ban san abin da ke sa shi kuka ba.

"Mu bi ta Tamaske," na ce. "Mu tambayi masu ƙarfen."

Tamaske

Ranar kasuwa ce. Muka samu wani tsohon maƙeri yana ƙera hauya. Na ajiye goro, na ajiye mashin. Mushe Isufu ya kwance murfi.

Na leƙa. Ashe yatsu ne sirara jere kamar haƙarƙarin kifi, kowane da baƙi guda a kansa. Ka danna nan, can ya tashi ya mari takarda. Ƙasa da ɓurɓushin abin goge rubutu sun cushe tsakaninsu. Ciwon ke nan da nake kaiwa Yamai.

Tsoho ya daɗe yana kallo.

"Ina ake sa wuta?"

"Ba a sa wuta, Baba."

"Zugazugi fa?"

"Babu."

Ya ture mashin da ƙafa. "Wa ya ce wagga ƙira ta? Tsintar tsakuwa ta cikin gero. Jikata ma ta iya. Ku ɗauke, kar ku ɓata muna suna."

Ƴan kasuwa suka yi dariya. Mushe Habu ya tsuguna.

"Baba, ko gaban surukaina ka faɗi haka?"

"Kawo su."

Mushe Habu ya karɓi turnabis. Kafin azahar mashin yana ƙwas-ƙwas cikin maƙera, babbar rigarsa duk mai. Ni ma an bar ni na danna ɗaya. Suka ce sunan baƙin nan N, farkon sunana.

Gida

Muka juyo ta Keita da Buza, kwana biyu-biyu, ana koyo. Mun shigo Madawa da magariba, bayan mota wayam. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa tsohon can.

Kafin damina aka karɓe motar, babu sauran mashin ɗin kaiwa Yamai. Yanzu ina fadamar Madawa, ina noman albasa.