Ranar da na kusa hana Hajara tafiya Ingila

Cikin duk shekarun da na yi a laburare a Haɗeja, akwai wata Laraba da ba ta fita raina. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci, wata shida da kama aiki, shugabarmu kuma Madam Rifkatu ce, mutuniyar Kudancin Kaduna.

An taɓa aiko mana da akwatunan tsofaffin littattafai kyauta daga Ingila. Ƙa'ida ita ce, kowane littafi a duba shekarar da aka buga shi, a sa masa hatimi da lamba. Wanda ya tsufa ƙwarai a ɗiga masa jan fenti a gindi, wato a nan za a karanta shi, ba a ba da aro. Ni aka ba aikin, ni kuwa ina ta cewa gobe.

Ana nan sai ga Malam Bukar, tsohon hedimasta daga Guri. 'Yarsa Hajara ta samu gurbin ƙaro karatu kan harkar ruwa a Ingila, yana son ya san inda zai tura ta. Na ji daɗi an zo neman ilimi a hannuna. Na zaro masa littafin jagorar matafiya guda, na haɗa masa da wasu ƙasidun siyasa guda uku, na ce, "Baba, duk Ingila tana cikin nan."

Larabar da ta zagayo ya dawo, Hajara na bayansa idonta ya yi ja. Ya dire littattafan a teburina.

"Na gode, ɗana, ka ceci 'yata. Ba za ta je ba."

Ashe ƙasidun nan na 'yan adawa ne, an rubuta su jim kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu. Ya karanta cewa sai da kati ake samun nama da sukari, gawayin ɗumama ɗaki ya yi wuya, hayaƙi kuma na kwantar da mutane. Littafin jagorar ma ya ce mai ziyara ya taho da sabulunsa.

"Ƙasar da ba sabulu!" in ji shi. "Mu da ke da shinkafa da kifi har mu ba maƙwabta?"

Saura kwana tara jirginta ya tashi. Hajara ta dube ni, kallon da har yau nake ji a wuyana.

Madam ta fito daga ofis, ta gaishe shi, ta ja masa kujera. Ta buɗe bayan shafin farko na littafin jagorar, ta ɗora yatsa a kan shekarar da aka buga shi.

"Baba, karanta mana nan."

Ya gyara tabarau ya karanta. Littafin ya girme shi.

"To, da suka gyara, me ya hana su rubuto su ce sun gyara?"

Madam ta ce, "Baba, in Bature ya karanta littafin Haɗeja na wancan zamani, ai da alfadari zai zo, yana cigiyar kwalekwale a ƙarƙashin gada."

Ya yi dariya har da tari. Ya yarda Hajara ta tafi, amma da sharaɗin bargo biyu, busasshen kifi da sabulu sinƙi guda. Ni kuwa Madam ba ta ba ni takardar tuhuma ba. Gwangwanin jan fenti ta miƙo mini, na yi mako biyu ina ɗiga.

Bayan wata uku Malam Bukar ya hau mota tun daga Guri don kawai ya gaya mini Hajara ta bugo waya. Nama akwai, sukari akwai, amma sanyin nan gaskiya ne.

"Ka gani? Littafi ba ya yin ƙarya duka."

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin shiga, kafin ku miƙa wa mutum littafi ku duba shekarunsa. Mutanenmu suna girmama abin da aka buga, kuma a kansa wani zai yanke shawarar rayuwar ɗansa.