Ranar da Umma ta Haye Zuwa Tsibiri

Shekarar da na gama jami'a, na yi hidimar ƙasa a wani ƙaramin ofishin tsara birane a nan Legas. Aikin da na tarar shi ne zanen wurin shaƙatawa a gefen tafki, haɗe da wani tsibiri da ke fuskantarsa. Na ce tafki ne saboda sunan da muke kiransa da shi ke nan a gida. A gaskiya ruwan yana haɗe da teku, kuma ya kamata in faɗi hakan tun farko.

Shugabar ofishin Bayarabiya ce mai furfura, wadda kowa yake kira Madam. Ita tana son a bar tsibirin a buɗe ga kowa. Masu zuba jari kuwa suna son a killace shi domin baƙin otal, hujjarsu ita ce talakan gari ba ya shiga ruwa da iyalinsa. Madam ba ta yi jayayya da su ba. Al'adarta ce ba ta jan layi a takarda sai ta kai mutane wurin ta ga inda ƙafarsu take bi. Da yake ta san ni ɗan unguwar Agege ne, sai ta ce in kawo mutanen gidanmu washegarin Babbar Sallah, wakilin masu jarin ma zai zo ya gani da idonsa.

Na cika danfo, wato bas ɗin haya, da Umma da maƙwabtanta da yara, ga tabarmi da butoci, ga kuloli na shinkafa da soyayyen naman layya. Umma ta zo Legas tun kafin a haife ni, amma ba ta taɓa taka jirgin ruwa ba.

A bakin ruwa an ɗora katako guda daga gaɓa zuwa jirgin, matuƙin ya tsaya a ƙarshensa yana miƙo hannu. Yara suka haye a guje. Matan suka tsaya cak. Wakilin ya dubi agogonsa, ya yi murmushi. Ni ma na ɗauka tsoro ne, har na fara lallashi.

"Umma, nan wajen ai babu zurfi."

"Ka auna ne?" in ji ta.

Ban auna ba.

Madam ba ta jin Hausa, amma ta lura da abin da ya wuce ni: matan ba ruwan suke kallo ba, hannun matuƙin suke kallo. Ta cire takalmanta, ta ce masa ya koma bayan jirgi, ta tsaya inda ya tashi, ta miƙo nata hannun. Umma ta gaishe ta da Yarbanci, ta gyara mayafi, ta kama hannun ta haye.

Maƙwabciyarmu, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ta harare ni tana wucewa. "Kai dai ɗan boko. Ƙaton nan zan ba hannuna, Alhajina yana can mahautar Oko-Oba yana fama da shanu?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya, ban lura ba."

"To ka lura da kular nan, kada ta kife."

Madam ba ta bar kan katakon ba sai da mace ta ƙarshe ta shiga. A tsibirin ma ba ta ce da kowa ya zauna nan ko can ba. Ta bi su a hankali, ta ga sun shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyoyin kwakwa, nesa da inda maza suke wanka, ta ga inda suka fuskanta da azahar ta yi. Wakilin ya ci nama har ya nemi ƙari.

Ban halarci zaman da aka yanke hukunci ba, saboda haka ba zan ba da labarin abin da aka faɗa a ciki ba. Abin da na shaida shi ne, zanen da aka amince da shi ya dawo ofis da matsayar jirgi ta jama'a a jikin tsibirin. Madam ta ce a yi dandamalin daidai da bakin jirgi, da ƙarfen dafawa dama da hagu, yadda mace za ta shiga ba tare da ta riƙe kowa ba. Ni ta ba zanen ƙarafan. Har yau ba a fara ginin ba, amma ba a killace tsibirin ba.