Saura jakuna shida a kangon Bamanga

Bamanga ba ya komawa gida bayan sallar asuba. Baro yake turawa zuwa Kasuwar Gombe, ya bi layin masu gwari yana tsintar ganyen kabeji da ɓawon kankana. Daga nan ya biya wajen masu niƙa, su ba shi dusar da suka share. Kafin hantsi ya dawo unguwar Barunde, cikin wani kango marar rufi inda jakuna bakwai ke jiransa. Babu nasa ko ɗaya. Duk yasassu ne. Ya ba su ruwa, ya duba kofato, ya wanke miki. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki. Ladan da ya samu a wajen 'yan unguwa shi ne suna: Sarkin Jakai. Da dariya ake faɗa.

Makon jiya na ji an yi hira a rediyo da wani saurayi ɗan unguwar Federal Low-Cost. Ya je hutu Turai, ya yi sati biyu yana taimakawa a gidan kula da dabbobi, yana yi wa karnuka wanka. Rabin awa ana yaba shi. Ban ga laifinsa ba, Allah ya yi masa albarka. Naku laifin nake gani, Gombawa. Sai abu ya hau jirgi ya dawo sannan idonku yake buɗewa.

To, Bamanga ma a ƙasar waje ya koyo nasa. Yana fataucin shanu a lokacin. Motarsu ta lalace a Garwa ta Kamaru, aka tafi neman kayan gyara. Abokan tafiyarsa suka baje a tasha suna karta. Shi ya ji kukan jaki a bayan wata katanga, ya leƙa. Gida ne da wata tsohuwar likitar dabbobi ta buɗe don jakuna da dawakan da masu su suka yar. Ya tambaya ko ana son hannu. Aka miƙa masa shebur. Kwana ashirin da uku yana kwasar kashi yana kallon yadda ake wanke ciwo. Ba a biya shi ba, bai kuma nema ba. Da ya dawo Gombe, sai ya kasa wuce jaki mai miki a hanya.

Ni Rufa'i, yashi na yi ta ɗauka da jakuna har ƙarfina ya ƙare. Na san abin da muke yi. In bayan jaki ya ɓare, baƙin man mota muke zubawa a ciwon, mu mayar da akumari, mu ɗora mangala. Haka muka ga manya suna yi. In mikin ya zurma har ya fara tsutsa, sai a kora dabbar cikin kwari a juya baya. Ni ma na yi. Jakata ce, Aura. Shekara biyar tana ciyar da gidana, na kai ta kwari na dawo ni kaɗai.

Bayan wata biyu sai ga sallama a ƙofar gidana. Bamanga ne riƙe da igiyarta. Bayanta ya warke, gashi ya fara tsirowa. Ruwan gishiri kawai ya yi ta wanke ciwon da shi safe da yamma. Ya kuma ɗinka mata sabon akumari, ya yanke rami a tsakiyarsa daidai inda mikin yake, don kada kaya su taɓa wajen.

Ya kira ni da sunan da Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, ga jakarka."

Na ce, "Ba tawa ba ce. Na yar."

Ya ce, "Ita ba ta sani ba. Kullum muka biyo nan sai ta tsaya a ƙofarka."

Maƙwabta na zaune a dakali suna kallo. Na ce, "Abin da na yar ba na ɗauka. Bafillace da ya bar nagge ya bi jaki ba zai koya min sana'ata ba."

Ya juya da ita. Shekara goma sha tara ke nan tana wajensa. Ban taɓa kai masa ko damin harawa ɗaya ba. Wannan ramin na akumari kuwa, masu jakunan yashi da yawa sun kwaikwaya, ni ma na kwaikwaya a ɓoye. Babu wanda ya ce daga wajensa ya gani.

Kai ne, Bamanga, ka shiga kwari da damina ruwa har ƙugu ka ciro ɗan jakin da ba ka san mai shi ba. Kai ne aka kai ƙara wajen mai unguwa don wari, waɗanda suka kai ƙarar kuma da takin kangonka suke noman alayyafo. Ka yi haƙurin da ni ba zan iya ba.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Bamanga ido ɗaya, gwiwa ta fara ƙin baro. Mai kangon ya rasu, magada sun sayar, wanda ya saya ya ce a fitar da dabbobin kafin Juma'ar ƙarshen wata. Masu sayen fatar jaki sun ji labari. Inno mai ƙosai, da ke suya a bakin kangon, ta ga zuwan Zaharadeen dillali da idonta. Yana shafa wuyan wata baƙar jaka yana murmushi.

"Baba, ka huta mana. Mota ɗaya za ta kwashe maka su."

"Zuwa ina?"

"Haba Baba, ai ka sani."

"Ɗana, wannan da kake shafawa ita ta kawo yashin ɗakin da aka haife ka. Ɗauke hannunka."

Inno ta ce Zaharadeen ya yi dariya, ya ce zai dawo ranar Juma'ar. Zai dawo kuwa. Ya san Gombawa. Rabin ginin tsohuwar Barunde a bayan jaki ya zo. Da tifa ta shigo kuka manta. Kuna da gareji na mota biyu, ba ku da taku huɗu na turke.

Jiya da la'asar na je kangon. Bamanga yana zaune a kan baro. Ya ɗago idonsa mai gani.

"Wa nake gani kamar Kaɗo?"

"Ba ni igiyar Aura. Ban zo hira ba."

"Ashe kana ɗaukar abin da ka yar."

"Ba ni igiyar, na ce."

Ya tashi da kyar, ya kwance ta da hannunsa. Haƙoranta sun zube, ya ce in riƙa jiƙa mata dusa. Ya ɗauko tsohon akumarin nan mai rami ya ɗora min a kafaɗa, ko da yake ba za ta sake ɗaukar kaya ba. Muka taho a hankali, tsoho da tsohuwa. Ban ja ta ba. Da muka iso layinmu, ita ta tsaya a ƙofar.

Na gode, Bamanga. Godiyar ta makara da shekara goma sha tara, amma ga ta a gaban jama'a. Allah ya saka maka, ya buɗe idon.

Ku kuma, ba sai kun je Turai ba. Barunde, bayan rumfar Inno mai ƙosai. Jaki ba ya cin nama, dusa ce da ruwa da inuwa. Ku zo da igiyarku. Saura shida, Juma'a kuma ba ta jiran kowa.