Malam Asafta da Girkin Zulaihatu

A layinmu na Gangare a Jos, in ka tambayi gidan Malam Sharafaddini sai an tsaya ana tunani. Ka ce Malam Asafta kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka. Ni Ahmadu tela, katanga ɗaya muka haɗa da shi shekara da shekaru, saboda haka ba jita-jita zan ba ku ba.

Sunan ya fito ne daga wata kalmar Turanci, acceptable, wadda bakinsa ya mayar asaftabul. Tun zamanin kuza ya samo ta. Yana saurayi ya yi akawu a rumfar awon kuza a Bukuru, a ƙarƙashin wani Bature mai jan wuya. Mata su wuni a cikin ruwan sanyi suna wanke kuza, su ɗauko a kwano su dire a gaban Baturen. Ya ɗiba ya murza a tafin hannu. In ba ta yi ba, ya kau da kai. In ta yi, ko da ta fi ta kowa kyau, wannan kalmar ce kaɗai za ta fito daga bakinsa. Aikin kuza ya mutu, Bature ya koma garinsu, Malam ya tsira da kalmar da kwat guda, kuma bai yarda ko ɗayansu ya tsufa ba.

In ka kuskura ka tambaye shi ma'anarta, to ka haƙura da sallar jam'i. Zai ce maka asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan da, daga kalmarsu ta karɓar abu, ta ratsa ta Faransanci kafin Turawan Ingila su ɗauka. Ma'anarta abin da ya isa a karɓa: bai kai a yi masa guɗa ba, bai kuma kai a mayar wa mai shi ba.

"Kalmar manya ce, Ahmadu," in ji shi. "Yabo shi ke lalata ma'aikaci."

Na ɗinka masa babbar riga, na ƙarar da idona a kan aikin wuya, ya juya ta ya ce asaftabul. Huɗubar liman ma asaftabul. Ranar da aka miƙo masa jikansa na fari a cikin tawul, ya leƙa ya daɗe yana dubawa kamar mai neman tsakuwa a shinkafa, sannan ya faɗe ta. Mu dai dariya muke yi, don ba mu ke zaune da shi ba.

Mai zama da shi ita ce Hajiya Zulaihatu. A layinmu ciyayya muke yi: da la'asar sakaliya kowane gida ya fito da kwano, maza mu zauna a tabarma ɗaya mu ci. Wallahi kwanon gidan Malam ba ya kai minti nawa. Gwaten accarta, funkasonta da miyar taushe, har rige-rigen zama kusa da shi ake yi. Mu yi ta santi muna sa mata albarka, shi kuwa ya suɗe yatsunsa tas, ya gyara hula, ya yanke hukuncin da ya saba. Matata ta ce sama da shekara arba'in baiwar Allahn nan ba ta nemi zinare ba, ba ta nemi leshi ba. Abin da take jira kawai mijinta ya ce mata, "Ya yi daɗi."

Shekara biyu bayan gobarar kasuwar Terminus aka zo neman auren autarsu. Baƙi daga Kano, manya, an cika zaure. Hajiya ta yi girkin da ni kaina ban taɓa cin irinsa ba. Babban baƙon ya ajiye cokali ya ce, "Malam, kai kam Allah ya kashe ya ba ka. Yaya kake yi da irin wannan hannu a gida?"

Hajiya tana tsaye a bayan labule da tiren shayi, ina hango ƙafafunta. Malam ya yi gyaran murya ya faɗi kalmarsa. Baƙon bai gane ba, shi ke nan ya ja mana Latin da Faransanci, ya fassara musu dalla-dalla cewa girkin bai kai a yi masa guɗa ba, amma ba za a mayar ba. Na ji kamar in nutse. Shayin nan bai shigo zauren ba.

An gama biki lafiya, Hajiya ta kai 'yarta ɗaki, washegari ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ɗansu Mahdi a Unguwar Rogo. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: ya ce girkinta ya yi daɗi. Muka taru muka roƙi Malam ya je ya faɗa. Ya ce shi ba ya canza ma'auni don matsin lamba.

Mutumin da gidansa bai fitar da kwano ba, kunya ba ta barinsa ya zauna a tabarmar ciyayya. Na aika masa abinci, ya dawo da shi. Ya koma shayi da burodi har wandonsa ya fara zamewa. Da yunwa ta kai masa karo, wata rana da azahar sai ya lallaɓa bakin Terminus, inda 'yan kasuwa suka baje a titi tun bayan gobara, ya shiga rumfar Madam Nkiruka mai sakwara, wadda mahautanmu ke kai wa nama. Na san miyar agushin Nkiruka. Ruwa-ruwa ce, in ka ga nama biyu to ɗaya ƙashi ne. Amma Malam ya yi loma uku, ya lumshe ido, ya ce da Hausa tsantsa, da ƙarfi:

"Madam, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba."

Rumfar cike take da 'yan acaɓan layinmu. Kafin ya wanke hannu labari ya isa Unguwar Rogo.

Ni na raka shi biko. A hanya yana ta bitar abin da zai faɗa, ya kuwa faɗa. Ya sunkuyar da kai ya yabi gwate, ya yabi funkaso, ya yabi har ruwan da take tafasawa. Hajiya ta bari ya gama.

"Malam, da ina yi maka uzuri," ta ce. "Na ɗauka bakinka ne bai iya ba. Ashe ka iya."

Ta dawo gida, don ta ce ba za ta tsufa a ɗakin suruka ba. Ta ci gaba da wanke masa kaya, tana goge masa kwat, tana fitar mana da kwanon ciyayya da sharaɗin kada ya sa hannu. Nasa abincin kullum ɗan acaɓa ke kawowa a kula daga rumfar Nkiruka. Haka Malam ya riƙa zama a gefenmu yana tura sakwara da miyar ruwa, ƙanshin taushen matarsa yana dukan hancinsa. Da farko mun yi dariya har da hawaye. Daga baya ni dai tausayinsa ya kama ni.

Wata rana na shiga ɗaukar awon riga, na same shi a bayan madafa a tsugune, tsoho mai furfura, yana kankare gindin tukunyar Hajiya da yatsa yana lasa. Da ya gan ni bai ma tashi ba.

"Ahmadu, duk garin Jos babu mai girki kamar matar nan."

"To ga ta can a tsakar gida tana tsince shinkafa, Malam. Je ka faɗa mata mana."

Ya goge yatsan a gefen tukunyar.

"Kullum sai na faɗa," ya ce. "Cewa take ta ji."