Tela a Bakin Ɗakin Tiyata

Wani dattijo yana zaune kusa da ni a bakin ɗakin tiyata, da guntun zare maƙale a rigarsa. Da alama daga kan keken ɗinki aka kira shi. Idonsa a rufe, tef ɗin awo a cinyarsa. Yana jan numfashi a hankali, ya saki, ya matsar da yatsa inci ɗaya.

Ni da nake jiran matata, tun safe ko yunwa ba na ji.

"Baba, me kake aunawa?"

"Numfashi, ɗana. Nas ta ce in bi shi, in bar tunani. 'Yata ce a ciki."

Yatsansa ya kai sittin, tef ya ƙare. Ya dubi ƙofa, tana rufe. Ya koma inci na ɗaya.